Barcina Suka Zo Nema

Duk wadda ta shigo nan don ta ji labarin fure da kallon farin wata, ta yi haƙuri ta leƙa wani gidan. Yau raina a jagule yake. Wadda kuma yau ta fara cin karo da ni, sunana Radiyya, a Sabon Garin Wudil aka yanke min cibiya, ina koyar da 'yan aji uku a wata makarantar kuɗi, kuma shekaruna sun kai inda duk bikin da na je sai wata ta dafa kafaɗata ta ce saura ni, kamar layin awo.

Abbanmu bai taɓa yi wa 'ya dole ba, wannan shaidar zan ba shi ko a gaban alƙali. Abin da ya ce kawai shi ne ranar Asabar bayan la'asar baffannin Al-Amin za su zo neman a sa rana, kuma kafin su cire takalma a zaure yana so ya ji amsa daga bakina. I ko a'a. To amma ku da kuka san gidan Bahaushe kun san dolen da ba a faɗa da baki ya fi ciwo. Umma ta riga ta fara tara kwanuka a ƙarƙashin gado, ƙannena biyu sun riga ni ɗaki, ga kuma Gwaggo Talatu, yayar Abba, da ta taso takanas daga Indabo ta tare a gidanmu, ta rantse ba za ta koma ba sai ta ga goro. Ita ce ma ta haɗa abin tun farko.

Al-Amin ba mummuna ba ne, kar ku ce na yi masa sharri. Yana da shagon sola da batura da fankoki a bakin titi kusa da tasha, yana da mota, hannunsa a sake yake. Jiki ne dai Allah ya ba shi, irin masu wuya a cike ɗin nan da maɓallin sama ba ya rufuwa. Ranar da ya fara zuwa zance ya sha shadda ruwan toka, sitaci har ƙara take, hula ta zauna, turarensa ya riga shi shigowa. Ni kuma na ɗaura atamfata mai ganye da ruwan ƙwai, na yafa siririn mayafi, na goga humrar da nake ɓoye wa ƙannena. Umma ta buɗe masa falon da ko mu ba ma zama, mai sabuwar kushin da 'yan matasan nan masu aikin zare da ta yo tsaraba daga Kano.

Na kawo zoɓo da dambun nama. Hira ta fara daɗi, ina ba shi labarin wata ɗalibata da ta kawo min ɗanyen ƙwai a aljihu ya fashe, na juya kenan in ƙara masa zoɓo, sai na ji kamar an tayar da injin markaɗe a bayana.

Jama'a, barci yake yi.

Kai ya faɗa baya, baki a hangame, hula ta karkace. Ashe kuma akwai goro a kumatunsa, don kullum cikin taunarsa yake wai yana korar masa gyangyaɗi. Ina tsaye da jug a hannu na ga yawu ja-ja ya silalo ta gefen bakinsa, ya bi gemu, ya yi tsawo, ya sauka a kan matashin Umma. Wallahi tun daga ranar ban ƙara cin dambun nama ba. Da na yi gyaran murya ya zabura, ya goge baki da hannun rigar nan mai sitaci, ya ce, “Ina jin ki, Malama, sai aka yi yaya?”

Na kai ƙara wajen Gwaggo, ta yi dariya har da tafa hannu. Wai minshari alamar ƙoshi ce, namijin da ya nemo shi ne yake gajiya, in ina son wanda idonsa yake tar in je majalisar 'yan zaman kashe wando in zaɓa. Umma kuwa matashinta ta ɗauka ta jiƙa a omo.

Da abin ya tsaya a yawu da na daure, don ba a rasa nono a ruga, kowa da nasa aibin. Amma mutumin nan labari ɗaya yake ba ni, na yadda ya haɗa wa wani masallaci sola a Utai, ya ba ni yau, ya ba ni jibi, kowane karo da sabuwar dariya kamar bai taɓa faɗa ba. Lambar takalmina ya tambaya har na gaji, ƙarshe ya kawo wanda ko babban yatsana bai shiga ba. Ga wata irin zuciya mai tashi babu dalili. Ran nan ya ɗauko mu ni da Umma daga gidan suna, a kan gada wani dattijo mai kurar rake ya ɗan tare hanya, Al-Amin ya sauke gilashi ya wanke shi tas, tsohon da ya yi jika da shi. Ba mu kai gida ba ya dawo yana ba mu haƙuri, ido ya kaɗa, wai shi ma bai san abin da yake hawa kansa ba.

Saƙonninsa kuwa abin a ajiye ne don tarihi. Zai rubuto, “Radiyyata ina so in gaya mikiiiiiiiiiii,” shi kenan, yatsa ya kwanta a kan harafi, mai yatsan ya tafi. Sai ranar Alhamis ɗin nan da ya turo min saƙon murya daga shago bayan azahar, wani dogo kamar wa'azi. Na saka a kunne ina murmushi, ni a dole za a yi min kalamai. Ya ce ya yi kewata, ya ce wani abu a kan kalar fentin ɗaki, murya ta fara ja, sai injin markaɗen nan ya tashi. Na kai hannu zan goge don takaici, sai na ji ƙarar ta yanke ɗif. Ba irin shirun wanda ya farka ba. Ina jin motoci na wucewa a titi, ina jin mai lemo yana talla, amma babu numfashin mutum. Na riƙe nawa numfashin ina jira har ƙirjina ya fara zafi, shi bai dawo ba. Can sai ya ja wani irin gurnani kamar ragon da aka danne, ya shaƙe, ya yi tari, injin ya ci gaba. Haka ya yi ta yi har saƙon ya ƙare. Da na tambaye shi, cewa ya yi gajiya ce, in daina sa ido.

To ga Asabar ta zo. Tun safe aka share zaure aka shimfiɗa darduma, Umma na kicin tana fama da waina, Gwaggo ta aika kanta kasuwa sayo kayan miya don ba ta yarda da cefanen kowa ba. Da hantsi sai muka ji sallamar mace. Umma ta leƙa, na ga ta daskare da ludayi a hannu. Hajiya Hansai ce, mahaifiyar Al-Amin.

Ku da kanku kun san uwar miji ba ta taka gidan yarinya a irin wannan rana, maza ake turowa. Ita ma da ta ga Umma sai ta tsaya tana waige-waige, ta ce ita fa kemis ta fito, ba ta san yadda aka yi ta ce wa mai adaidaita Sabon Gari ba. Leshi ne a jikinta mai tsada, amma zanin a bai-bai ta ɗaura shi. Takalmin dama baƙi, na hagu ruwan ƙasa. Ƙasan idanunta ya yi baƙi ya zurma. Sau ɗaya na taɓa ganinta daga nesa a wani biki, na ɗauka tsufa ne, ashe ba ta girmi Umma sosai ba.

Umma ta rasa inda za ta sa ta, falo an jere abincin baƙi a ciki, sai ta ce in kai ta ɗakina. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen gida, ta sake tambayar aiki. Duk wannan gaisuwar ba ni take kallo ba. Gadona take kallo, irin kallon da mai azumi yake yi wa randa.

“'Yar nan,” ta ce, “da gaske ne ko allura ta faɗi kina farkawa?”

Na ce haka ne, Hajiya. Wannan kam kowa ya sani a danginmu, barcin zomo gare ni tun ina goye. Ƙadangare ya motsa a rufi na tashi, kuma in na tashi sai Allah. Ciwo ne a wajena, na sha kuka a kansa lokacin jarrabawa.

Ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Wai da Talatu ta gaya mata ba ta yarda ba, sai da ta sa aka ƙara bincikawa wajen wadda muka yi ɗaki ɗaya a makaranta. Ta ce kafin ni an nuna mata wata a Gaya, kyakkyawa, mahaddaciya, 'yar mutunci, amma da aka bincika aka ce in ta kwanta sai an yayyafa mata ruwa. Nan take ta ce a bar maganar, wannan ba za ta iya ba.

Na ce, “Ba za ta iya me ba, Hajiya?”

Ta dube ni da mamaki, kamar na tambaye ta ina gabas. “Gadin yaron nan mana. Ba su gaya miki ba?”

Ɗan fari ne, ba ta faɗar sunansa. Ta buɗe jaka za ta ciro hankici, sai ga mafici ya biyo hannunta, irin na kaba mai doguwar sanda, sandar ta yi sumul don riƙo. Ta kalle shi ta yi 'yar dariya, wai ga shi har shi ta taho da shi. Daga nan bakinta ya buɗe, ni kuma na zauna daɓas a kan leda.

Mahaifinsa ma haka ya yi, in ji ta. Minshari, shaƙewa, hawan jini, mantuwa, daga baya ɓarin jiki ya shanye, wata safiya aka tashe shi bai tashi ba. Shi ya sa da ta fara jin irin wannan shirun a ɗakin ɗanta, ta ja kujera ta ajiye a bakin gadonsa. Shekaru ke nan. Shi yana kwance, ita tana zaune da carbi a hannu ɗaya, mafici a ɗaya. In ƙarar ta yanke sai ta fara jan carbi, in ta ja ta ja bai dawo ba, ta zungure shi da sandar a haƙarƙari. Ya ja numfashi, ya juya, ta koma jira. Har asuba. In zai yi ƙailula da rana ma sai ya kira ta.

Na ce ba a je asibiti ba? Ta ce an je, har Kano, suka kwana da shi da wayoyi a kai da ƙirji. Likitan ya yi musu bayani da Hausa tsaf. Maƙogwaronsa ne yake rufewa in ya yi barci, iska ta daina kai wa ƙwaƙwalwa, sai ta firgita ta tashe shi ba tare da ya sani ba, haka dare zai ƙare bai taɓa nutsawa cikin barcin da kai yake hutawa ya adana abin da aka wuni ana yi ba. Mantuwar daga nan take, faɗan daga nan yake, jinin da yake hawa ma haka, kuma in aka bari, hanyar da uban ya bi tana nan a buɗe. Ya ce ya rage jiki, ya rubuta masa wani inji mai hura iska ta wata roba da ake ɗaurawa a hanci. Sannan ya juyo ya ce mata, Hajiya, zunguri ba magani ba ne, ke ma kin zama mara lafiya, ki je ki kwanta.

“To injin ne ba a samu ba?” na tambaya.

“An saya. Yana ƙarƙashin gadonsa a kwali.”

Ashe sau ɗaya ya ɗaura. Wani abokinsa Bilya ya shigo ya gan shi, ya yi ta dariya har da faɗuwa, wai ya zama saniya mai takunkumi, a kai shi Kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a a yi ciniki. Tun ranar ya rantse ba zai ƙara ba, balle yanzu da zai zama ango. Ku ji fa. Ba rashin wuta ba, mutumin da yake sayar wa gari guda sola. Dariyar Bilya ce ta fi masa uwarsa nauyi.

Ta ci gaba da magana a hankali, kamar labarin wata take bayarwa. Wai yanzu sai ta tsaya a sallah ta rasa raka'a ta nawa take. Ran nan omo ta zuba a kunu a madadin sukari. Surar da ta haddace tun tana 'yar allo ta ɓace mata a tsakiya, ta tsaya a kan darduma tana kuka. Jikarta ta zo gaishe ta, ta tambaye ta 'yar gidan wa ce.

“Na gaji, 'yar nan,” ta ce. “Ba don mugunta na zaɓe ki ba. Na ce in aka samu mai kunne irin naki, ko ni ma na ɗan…”

Ba ta ƙarasa ba. Kanta ya tafi gefe a hankali ya sauka a kan filona. Babu minshari, babu motsi, kamar an zare mata lakka. Na cire mata takalman nan mabambanta, na ɗaga ƙafafunta na ɗora a gado, na ja labule.

Kicin na nufa. Gwaggo ta dawo tana gyaran alayyahu. Na tambaye ta ko ta san aikin da ta samo min. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

“To mene ne a ciki? Mace dama ai mai gadin miji ce. Barcin da ba kya yi a gidan ubanki a banza, ba gara ki je ki ƙi yin sa inda za a ba ki lada da mota ba?”

Na juya wajen Umma. Ta sa ido a kan tandar waina, tana juya wadda ta riga ta soyu. Ta ce ita dai an ce mata yana da ɗan nauyin barci, ba ta tona ba. Ba ta tona ba don kar ta ji abin da zai hana ta tara kwanuka, wannan ni na faɗa a raina. Wato duk karatun da na yi, da girkin da Umma ta koya min da zagi da ranƙwashi, da kitson da nake zama a yi min kamar wuyana zai karye, babu wanda aka duba. Ciwona aka kai kasuwa aka yi tallansa, aka kuwa samu mai saye. Na fita da sauri na bar musu kicin ɗin.

Bayan azahar ina zaune a gefen gadon, sai waya ta fara kuka a jakar Hajiya. Na yi wuf na ciro don kar ta tashe ta. “Babban Yaya” aka rubuta, sunan da ƙannensa suke kiransa. Na ɗauka na koma bakin taga. Ko sallama bai jira ba.

“Hajiya ina kika shiga ne? Kaina kamar zai tsage, ina so in ɗan runtsa kafin su Baffa su tafi. Kin san ba na kwanciya in ba kya nan.”

“Hajiya tana barci,” na ce.

Ya ce, “Radiyya? Me ya kai ta gidanku? To tashe ta, ki sa ta a adaidaita.”

“Ba zan tashe ta ba.”

Sai ya yi 'yar dariyar nan tasa ta zance, ya sassauta murya, shi a dole zai lallashe ni. “To shi kenan, an huta. Bar wayar a kunnenki, zan ajiye tawa a kan filo. In kin ji na yi shiru ki kira sunana da ƙarfi. Ai gara ki fara sabawa tun yanzu.”

Na cire wayar daga kunnena na kalle ta kamar wadda aka shafa wa majina. Na mayar na ce masa injin yana ƙarƙashin gado, a kwali.

“Wa ya gaya miki wannan maganar? Ke kin taɓa ganin ango da takunkumi?”

“Ban taɓa ba. Amma yau na ga uwar ango da takalmi kala biyu.”

Na kashe wayar gaba ɗaya na mayar jaka.

Ana idar da la'asar na ji tsayuwar motoci a ƙofar gida, na ji muryoyin dattawa da ƙarar manyan riguna. Gwaggo ta fara gyara maƙogwaro, guɗa na cin ta. Abba ya zo bakin ɗakina ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya ɗaga labule. Ya ga matar da ke kwance a gadona, ya ga takalman a ƙasa, ya dube ni.

“Mamana, baƙi sun iso. Me zan ce musu?”

Na durƙusa. Na faɗa masa kai tsaye. “Abba, ka ce musu ba mata suke nema ba, mai gadi suke nema, ni kuma ban nemi aikin ba. Wadda take yi ma ga ta nan, ta faɗi. Don Allah kuma su rage murya.”

Ya daɗe yana kallon Hajiya Hansai. Sannan ya saki labulen ya juya. Ina jin takunsa yana tsallaka tsakar gida, ina jin Gwaggo tana bin sa da “Me ta ce? Me ta ce?”, sai wayata ta yi ƙara a kan madubi. Hoto ne daga Al-Amin. Wani kwali ne an jawo shi tsakiyar ɗaki, ƙura ta yi masa rawani, ga shatin yatsu a kai. A ƙasa ya rubuta, “In na ɗaura yau, za ki ce musu i?”

Ko yanzu ma ciniki yake. Bai tambayi yadda uwarsa take ba.

Abba bai kai zaure ba tukuna, da na ɗaga murya zai ji ni. Na kife wayar a kan madubi. Ƙuda ya sauka a goshin Hajiya, ta ɗan yamutsa fuska, hannunta ya fara lalube a kan zanin gado yana neman sandar nan, cikin barcin ma aiki take. Na zare maficin daga jakarta, na riƙe shi ta inda hannunta ya cinye, na shiga yi mata fifita har yatsun suka saki.